Likita Mila da Binciken Zazzau

Ya kai mai-karatu, ko a Kaya ka ke, ko Maradun, ko Bakura, ka san yadda talaka ya kan haɗiye maganarsa sa'anda mai-bincike ya sauka a gidan wanda a ke ƙara, ya ci tuwonsa, ya kwana a zaurensa. Domin wannan zan ba ka labarin Likita Walter Miller, wanda Zazzagawa su ke kira Likita Mila.

An haife shi a Ingila cikin shekara ta 1872. Ya koyi aikin likita, kāna ya tafi Tarabulus domin ya koyi Hausa a bakin Hausawan da ke can. A 1900 ya zo tare da Bishop Tugwell har Kano, amma Sarki Aliyu Babba ya sallame su. A 1905 ya sami wurin zama cikin birnin Zazzau, yana ba da magani, yana koya wa yara karatu, yana juya Littafi Mai-Tsarki zuwa Hausa.

To, a zamanin nan Aliyu ɗan Sidi ne sarki. Turawa da kansu suka naɗa shi a 1903, bayan sun tuɓe Sarki Kwasau. Ka riƙe wannan, gama nan ne tushen maganar. Likita Mila yana zaune cikin gari, yana jin Hausa ba sai da tafinta ba, mai-ciwo kuwa ya kan faɗa wa likita abin da ba shi faɗa wa alƙali. Sai ya riƙa kai ƙara wurin hukuma, cewa ana cinikin bayi a ɓoye, ko da shi ke an hana tun 1901, ana kuma zaluntar talakawa. Shekaru suka wuce, maganar ba ta motsa ba.

Ga dalili. Wa za a aika ya bincika? Razdan da joji, waɗanda mulkinsu duka a kan sarki ya ke tsaye. In sun sami laifi wurinsa, sun kushe zaɓin kansu ke nan, da takardun yabo da su ke aika wa gwamna. Sa'anda joji ya fita rangadi, wakilin sarki yana tafe tare da shi, shi ke tara mutane, shi ke zaune kusa sa'anda a ke tambaya. Talaka ya dubi joji, wanda za ya tashi gobe, ya dubi wakili, wanda za ya zauna, sai ya ce lafiya lau. Ba lallai an miƙa wa kowa toshiya ba. Mutum ya kan makance saboda kujerarsa kamar yadda ya kan makance saboda kuɗi.

Sai da sabon gwamna ya zo, Sir Hugh Clifford, a 1919, wanda ba shi da hannu cikin naɗin, aka saurari ƙarar. A 1920 aka yi bincike, aka tuɓe Sarki Aliyu, aka kai shi Lokoja, can ya rasu a 1924.

Ba zan ɓoye maka abu guda ba, gama mai-bin Yesu ba ya gyara labari domin ya yi wa nasa ado. Likita Mila ma yana da nasa a ciki. Sarki ba ya son aikin bishara cikin birni, tsakaninsu kuwa babu daɗi, har wa yau akwai Zazzagawa masu-cewa ƙiyayya ce ta kai shi, suna tuna Aliyu da waƙoƙinsa na hikima. Allah ne masanin zukata. Ni dai abin da na gani shi ne, Likita bai zama alƙalin ƙarar kansa ba: ya faɗi abin da ya ji da sunansa, ya bar wani ya auna. In an kira ka shaida a kan hakimi, ko ɗan'uwanka, ko maƙiyinka, ka fara faɗin abin da ke tsakaninku. In an sa ka bincika wanda ka ci gishirinsa, ka roƙa a aiki wani.

Tuɓe sarkin bai ba Likita birnin ba. A 1929 aka fitar da mishan zuwa Wusasa, bayan ganuwa. A 1932 aka buga Littafi Mai-Tsarki da Hausa, aikin da ya ci ƙarfinsa shekaru da yawa tare da abokansa. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952, yana da shekara tamanin.