Walt Disney: Mayunwacin da Ya Gina Masarautar Ci-Ka-Ƙoshi

A kusa da birnin Orlando na jihar Fulorida a Amurka akwai makeken wurin shaƙatawa mai suna Walt Disney World, inda otal-otal suka haura ashirin. Wuraren cin abinci a can iri biyu ne suka fi fice. Akwai babban zaure mai rumfuna jere, inda mutum zai bi layi, ya biya, ya ɗauki farantinsa da kansa, babu mai sa ran tukwici daga gare shi. Akwai kuma na ci-ka-ƙoshi, inda za ka biya kuɗi sau ɗaya, ka yi ta ɗiba har sai cikinka ya ce ya isa, amma a ƙasan takardar kuɗin sai ka tarar an lissafa maka tukwicin da ya kamata ka bari. Mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa mutumin da sunansa ke kan wannan daula ya taɓa kwana da yunwa, ya kuma yi shekaru yana aikin da ba a biyansa ko sisi.

An haifi Walter Elias Disney a Shikago ranar 5 ga Disamba, 1901. Mahaifinsa Elias mutum ne mai tsanani wanda sana'o'i da dama suka ƙi karɓarsa. A 1906 ya kwashe iyalinsa zuwa wata gona a Marceline ta jihar Missouri, a 1911 kuma suka koma birnin Kansas, inda ya sayi harkar rarraba jaridu. Walt da wansa Roy kan tashi tun wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ko ana zuba ƙanƙara, su bi gida-gida suna ajiye jarida. Uban yana biyan sauran yaran da ya ɗauka aiki, amma nasa 'ya'yan ba ya biyansu. Walt ya yi fiye da shekara shida a haka, yana gyangyaɗi a aji.

A 1918 ya sauya shekarar haihuwarsa a takarda domin ya sami aikin tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙungiyar Red Cross, sai dai bai isa Faransa ba sai da aka tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ya dawo gida ya kama sana'ar zane, ya kafa kamfanin majigin zane mai suna Laugh-O-Gram, wanda ya durƙushe a 1923. A watannin ƙarshe na kamfanin a ofis yake kwana, yana cin waken gwangwani da abincin bashi. Da dala 40 a aljihu ya hau jirgin ƙasa zuwa Kalifoniya, inda shi da Roy suka buɗe sabon kamfani a Oktoban shekarar. A 1925 ya auri Lillian Bounds, wadda ma'aikaciyarsa ce.

Darasi mafi ɗaci ya zo masa a 1928, lokacin da ya gano cewa zomon zanensa mai suna Oswald ba mallakarsa ba ne a doka, kuma dillalinsa ya janye masa yawancin masu zane. Daga wannan asara ne shi da abokinsa Ub Iwerks suka fito da ɓeran nan Mickey Mouse, wanda majiginsa mai sauti, Steamboat Willie, ya fito a Nuwamban 1928. A Disamban 1937 ya saki Snow White, wanda ya ci kusan dala miliyan ɗaya da rabi, masana harkar suna ta yi masa dariyar ganganci, har sai da ribar ta rufe musu baki. Ya karɓi lambar yabo ta Oscar sau 22 a fagen gasa, abin da babu wanda ya kamo har yau. Yabon gwani ya zama dole.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A watan Mayun 1941 ɗaruruwan masu zanensa suka shiga yajin aiki saboda bambancin albashi da kora da kuma ƙin amincewa da ƙungiyarsu. An yi makonni ana ja-in-ja kafin kamfanin ya sakko. Walt, wanda ya ɗauki kansa uba ga ma'aikatansa, ya fassara abin a matsayin butulci, kuma a 1947 ya tsaya gaban wani kwamitin majalisar wakilai ya zargi jagororin yajin da kwaminisanci. Yaron da ubansa ya hana lada ya girma bai fahimci masu kukan lada ba.

Tunanin filin shaƙatawa ya zo masa ne yana zaune a benci yana cin gyaɗa, 'ya'yansa mata biyu suna hawan lilo a wani lambu na Los Angeles. Ya so wuri mai tsabta da babba da yaro za su more tare. An buɗe Disneyland a Anaheim ranar 17 ga Yuli, 1955, bayan kashe dala miliyan 17. Ranar ba ta yi kyau ba. Tikitin jabu ya sa jama'a suka ninka waɗanda aka gayyata, abinci da abin sha suka ƙare, famfunan ruwan sha suka ƙi kawowa saboda yajin aikin masu haɗa bututu, kwaltar da aka zuba kuma ta yi ta kama takalman mata. Masarautar da a yau ake ci a bari, da ƙarancin abinci ta fara.

Cikin sirri ya sayi kusan eka 27,000 a Fulorida ta hannun kamfanonin ɓoye, aka bayyana shirin a 1965. Bai ga ginin ba. Ciwon dajin huhu, bayan shekaru na zuƙar taba, ya yi ajalinsa ranar 15 ga Disamba, 1966, yana da shekara 65. Roy ne ya buɗe wurin ranar 1 ga Oktoba, 1971, shi ma ya rasu a Disamban shekarar.

Adalci ne a ce ba Walt ya ƙago ci-ka-ƙoshi ba, domin gidajen cacar Las Vegas sun yaɗa shi tun shekarun 1940 don hana masu caca fita neman abinci. Ba shi ya ƙago tukwici ba kuma. Abin da ya bari, wanda ya fi jan hankalin mai nazarin harshe, shi ne sauya sunayen abubuwa. A wurarensa ba a cewa mai saye, sai dai baƙo. Ma'aikaci kuwa mai masauki ne, ko ɗan wasa, kayan aikinsa tufafin wasa, wurin aikinsa dandamali. Kalmomin suna da daɗi a kunne, kuma sun taimaka wajen tsabta da fara'ar da wuraren suka yi suna a kai. Sai dai kalma takan haskaka abu ta rufe wani. Baƙo na gaskiya ba ya biyan mai masaukinsa, shi kuma mai masauki ba ya jiran albashi.

Haka abin yake ga kalmar da muke fassarawa da tukwici. A Hausa tukwici ɗan alheri ne da ake bai wa wanda ya kawo kyauta ko albishir, ba ya zama ladan aiki. A Amurka kuwa, a shekarar da Walt ya rasu aka gyara dokar ƙwadago ta ba mai gidan abinci damar lissafa tukwici a cikin albashi. Tun 1991 mafi ƙarancin abin da dokar tarayya ta wajabta a biya mai karɓar tukwici shi ne dala 2.13 a awa, alhali na sauran ma'aikata dala 7.25 ne tun 2009. Kalifoniya ta hana wannan ragi, Fulorida ta yarda da ragin dala 3.02 daga nata ma'aunin. Ke nan abin da ake kira kyauta wani yanki ne na albashi da aka ɗora wa mai cin abinci.

Shi ya sa gardamar tukwici a wurin ci-ka-ƙoshi ba ƙarama ba ce. Mai ci yana ganin shi ya ɗebo abincinsa da hannunsa. Ma'aikacin kuwa ya san sau nawa ya kwashe faranti ya cika kofi a teburi guda. A Walt Disney World, idan masu ci sun kai shida, akan ƙara kashi 18 cikin ɗari ba tare da neman izini ba. Tsarin biyan kuɗin abinci a dunƙule da kamfanin ya fito da shi a 2005 ya haɗa da tukwici, amma a 2008 aka cire shi, aka bar ma'aikaci da zuciyar baƙo. A 2018 wani bincike da ƙungiyoyin ƙwadago suka ɗauki nauyi ya nuna kusan uku cikin huɗu na ma'aikatan Disneyland da aka tambaya ba sa samun abin da zai biya musu buƙatun wata. A 2024 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 233 don kashe wata ƙara kan albashi a Anaheim.

Walt Disney gwani ne, mai naci, wanda faɗuwa ba ta karya masa gwiwa. Amma tarihin mutum bai cika ba sai an haɗa da na waɗanda suka ɗauki kayansa. Duk mai ma'aikata, ko a ina yake, ya dace ya tsaya a kan wannan: kyakkyawan suna ba ya cika tukunya, kuma haƙƙin mai aiki bashi ne a wuyan wanda ya ɗauke shi, ba alfarma ce da za a bar wa mai wucewa ba.