Fritz Zwicky: Masanin Da Ya Auna Nauyin Abin Da Ido Ba Ya Gani

'Yan'uwana ɗalibai, a wannan fitowar na zaɓi in kawo muku tarihin wani masanin taurari. Mu a nan Naraguta mun fi saba wa tarihin mawaƙa da marubuta, amma ina ganin Hausa za ta iya ɗaukar zancen kimiyya.

An haifi Fritz Zwicky a garin Varna na ƙasar Bulgeriya a ranar 14 ga Fabrairu, 1898. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mutumin Suwizalan. Yana ɗan shekara shida aka kai shi wurin kakanninsa a Glarus, daga baya ya yi karatun lissafi da fizik a birnin Zurich. A 1925 ya tafi Amurka, ya kama aiki a Caltech da ke Pasadena, inda ya ƙare rayuwarsa.

Galaksi shi ne babban garken taurari, kuma ranarmu tana cikin ɗaya daga cikinsu. A 1933 Zwicky ya duba wani gungun galaksi da ake kira Koma. Ya ga suna gudu ƙwarai, har da a ce nauyin taurarin da ake gani ne kaɗai ke riƙe da su, da tuni sun watse. Sai ya ce lalle akwai wani ɓoyayyen abu mai nauyi wanda ba ya ba da haske. Lissafinsa ya nuna nauyin ya ninka na bayyane kusan sau 400. An gano daga baya adadin ya yi yawa, domin ma'aunin nisa na zamaninsa bai daidaita ba, amma ainihin maganarsa gaskiya ce.

Kusan shekara arba'in ba a kula da batun ba. Wani dalili shi ne halinsa: mutum ne mai zafin baki, ya ɓata da abokan aikinsa da yawa. Duk da haka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu shi ne ya riƙa tattara littattafan kimiyya yana aika wa ɗakunan karatu da yaƙi ya rusa.

A shekarun 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka auna yadda taurari ke kewaya tsakiyar galaksi, suka fara da Andiromeda. An zaci na gefe za su rage gudu, kamar yadda duniyoyin da ke nesa da rana suke yi, sai ga shi ba su rage ba. Wannan ya nuna yadda rabon yake. A galaksi irin namu, taurari da iskar gas sun taru a tsakiya suka shimfiɗu kamar faifai, ɓoyayyen abun kuwa ya kewaye su ta ko'ina kamar ƙatuwar ƙwarya, ya zarce inda haske ya ƙare. A yau masana sun ƙiyasta ya ninka abin da muke gani wajen sau biyar, kuma har yanzu ba a gano da me aka yi shi ba.

Zwicky ya rasu a ranar 8 ga Fabrairu, 1974, kafin duniyar ilimi ta karɓi maganarsa sosai. Darasin da na ɗauka shi ne, mu riƙa auna hujja kafin mu dubi halin mai kawo ta.