Charles Hamilton Houston: Malamin da ya reni lauyoyin da suka karya dokar wariya a Amurka

A ranar 17 ga Mayu, 1954, alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka suka yanke hukunci da murya ɗaya cewa raba 'ya'yan baƙar fata da na farar fata a makarantun gwamnati ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar. Sunan da duniya ta riƙe daga wannan shari'a ta Brown shi ne na Thurgood Marshall, jagoran lauyoyin masu ƙara. Amma mutumin da ya shata hanyar, ya koyar da Marshall aikin lauya, ya kuma samo masa albashin da ya tsayar da shi a kan kare haƙƙin jama'a, ya riga ya shekara huɗu a kabari. Sunansa Charles Hamilton Houston.

Tarihinsa ya taɓo wata tambaya da har yau take damun makarantun koyon aikin lauya: ta yaya ake samun lauyan da zai juya wa manyan kamfanoni baya, ya tsaya wa wanda ba shi da abin biya? Rayuwar Houston ta nuna cewa kishi kaɗai ba ya wadatarwa. Sai an sami malamin da zai riƙe hannun ɗalibi, da kuma kuɗin da zai ciyar da shi kafin ya tsaya da ƙafafunsa.

Daga Washington zuwa fagen yaƙi

An haifi Houston ranar 3 ga Satumba, 1895, a birnin Washington, 'yan watanni kafin Kotun Ƙoli ta halatta wariya a shari'ar Plessy da Ferguson ta 1896. Wannan hukunci ya yarda a raba jinsunan biyu, muddin abin da aka tanadar wa kowane ɓangare daidai yake da na ɗayan. A aikace an tabbatar da rabuwar, daidaiton kuwa ya tsaya a takarda.

Mahaifinsa, William, lauya ne, mahaifiyarsa, Mary, tana sana'ar gyaran gashi, kuma shi kaɗai suka haifa. Ya yi sakandare a makarantar M Street, ya wuce Kwalejin Amherst da ke jihar Massachusetts, inda ya kammala a 1915 cikin sahun gaba, shi kaɗai baƙar fata a ajinsu. Daga nan ya koyar da Turanci na shekara biyu a Jami'ar Howard.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, ya sami horon hafsoshi a sansanin Fort Des Moines, aka kuma tura shi Faransa. A cikin rundunar da ke ware baƙaƙe daga farare ya ga yadda ake wulaƙanta hafsoshi irinsa, da yadda ake hukunta ƙananan sojoji baƙaƙe babu mai tsaya musu. Ya dawo gida a 1919 da ƙudurin karanta shari'a domin kare waɗanda ba su da ƙarfin ramawa.

A shekarar ya shiga tsangayar shari'a ta Harvard, ya zama baƙar fata na farko da aka zaɓa cikin editocin mujallar shari'a ta jami'ar. Ya sami digirin lauya a 1922, ya ƙara da na dakta a 1923. A nan ne shi kansa ya ɗanɗana amfanin abubuwa biyun da daga baya zai ba wasu. Farfesa Felix Frankfurter, wanda zai zama alƙalin Kotun Ƙoli, ya jawo shi a jiki, sannan tallafin karatu na Sheldon ya ɗauki nauyinsa zuwa Jami'ar Madrid a Sifaniya. A 1924 ya koma Washington, ya haɗu da mahaifinsa a ofishin lauya, yana kuma koyarwa a Howard.

Gyaran Howard da abin da ya jawo

A wancan zamani lauyoyi baƙaƙen fata ba su kai ɗaya cikin ɗari na lauyoyin Amurka ba, kuma sun fi ƙaranci a jihohin kudu, inda baƙaƙe suka fi yawa, zalunci ya fi tsanani. Tsangayar shari'a ta Howard ce babbar mahorarsu, amma yawancin karatunta na dare ne, kuma ba ta da amincewar Ƙungiyar Lauyoyin Amurka.

A 1929, ƙarƙashin Mordecai Johnson, baƙar fata na farko da ya shugabanci jami'ar, aka naɗa Houston mataimakin shugaban tsangayar, ragamar gudanarwa kuwa tana hannunsa. Ya rufe karatun dare, ya tsaurara sharuɗɗan shiga, ya faɗaɗa laburare, ya mayar da koyarwa aikin cikakken lokaci. A 1931 tsangayar ta sami amincewar da ta daɗe tana nema.

Gyaran ya zo da raɗaɗi. Tsofaffin ɗalibai sun zarge shi da toshe ƙofa ga ma'aikatan da sai da dare suke samun sukunin karatu, kuma zargin yana da tushe, domin wanda zai zauna a aji da rana dole ya bar aikin da ke ciyar da shi. Houston ya tsaya kan cewa lauyan da zai kara da gwamnatin jiha a gaban alƙali farar fata ba shi da damar yin kuskure ko a waƙafi, don haka horo mai rauni cutar da al'umma ne. A ganinsa, lauya baƙar fata mai gyara ginin al'umma ne, wanda kuma ya ƙi wannan nauyi ya zama kaska a jikinta.

Koyarwarsa ba ta tsaya a allo ba. Yakan kai ɗalibai kotuna, ofisoshin 'yan sanda da gidajen yari, ya kuma gayyato manyan masana kamar Roscoe Pound na Harvard da shahararren lauya Clarence Darrow su yi musu lacca. Da yawa cikin masu shiga ajin farko ba sa kaiwa ga kammalawa.

Ɗalibin da aikin laburare ya riƙe

Thurgood Marshall ya shiga Howard a 1930. Ɗan Baltimore ne, kuma jami'ar jiharsa ta Maryland ba ta ɗaukar baƙaƙe a tsangayar shari'a. Mahaifiyarsa ta jinginar da zobbanta na aure domin biyan kuɗin shiga, shi kuma kullum sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Washington ya dawo. Da ya zo na ɗaya a shekarar farko, aka ba shi aikin taimakawa a laburaren tsangayar. Wannan ɗan aiki mai albashi ya sauƙaƙa masa kuɗin makaranta, ya kuma ajiye shi kusa da Houston har dare, yana binciko masa hukunce-hukunce na shari'un gaske. Ya kammala a 1933 a matsayi na ɗaya, abokinsa Oliver Hill na biye da shi.

A shekarar ne Houston ya jagoranci tawagar lauyoyi baƙaƙe zalla wajen kare George Crawford, wanda ake tuhuma da kashe mata biyu fararen fata a jihar Virginia, Marshall kuma yana cikin masu taya bincike. An sami Crawford da laifi, amma aka yanke masa ɗaurin rai da rai maimakon kisa. Houston ya sha suka, har daga W.E.B. Du Bois, saboda ba a ɗaukaka ƙara ba. Shi kuwa yana ganin an ceci rai a inda ba a saba ceto ba.

Kuɗin Garland da dabarar sannu a hankali

Yaƙin shari'a yana cin kuɗi. A 1922 wani matashi, Charles Garland, ya sadaukar da gadon da ya samu aka kafa asusun tallafa wa ayyukan jama'a. A 1930 asusun ya yi wa ƙungiyar NAACP mai fafutukar haƙƙin baƙaƙe alkawarin dala 100,000, amma karayar tattalin arziki ta cinye jarinsa, ƙungiyar ta karɓi ɗan kaso kawai. Da wannan ragowa Houston ya koma New York a 1935 a matsayin babban lauyan ƙungiyar.

Ƙarancin kuɗin ya tilasta zaɓe. Houston ya zagaya kudu da na'urar ɗaukar hoton majigi, ya naɗi halin makarantun baƙaƙe a karkarar South Carolina. Sai ya fara kai hari inda wariya ta fi rauni, wato manyan makarantun horar da ƙwararru. Jihohi da yawa ba su da tsangayar shari'a ta baƙaƙe ko ɗaya, gina sabuwa mai daidai da ta farare yana da tsada, alƙalai kuma, da yake su ma lauyoyi ne, sun san makarantar ƙwarai in sun gan ta.

A 1935 shi da Marshall suka shigar da ƙara a madadin Donald Murray, kotun Baltimore ta umarci Jami'ar Maryland ta ɗauke shi, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta tabbatar a Janairun 1936. Duk da wannan nasara, ofishin Marshall na Baltimore yana durƙushewa, domin yawancin waɗanda yake karewa ba su da abin biya. Houston ya shawo kan shugabannin NAACP suka ɗauke shi mataimaki a Oktoban 1936 kan dala 200 a wata. Wannan albashi ne ya mayar da aikin sa kai ya zama sana'ar rayuwa.

A ranar 12 ga Disamba, 1938, Houston ya yi nasara a Kotun Ƙoli a shari'ar Lloyd Gaines. Kotun ta ce jihar Missouri ba za ta sauke nauyinta ta hanyar biya wa baƙar fata kuɗin karatu a wata jiha ba, dole ta tanadar masa a cikin gida. Gaines ya ɓace a Chicago a Maris na 1939, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, amma hukuncin ya zama tubalin da aka ɗora na gaba a kai.

Shekarun ƙarshe

Houston ya miƙa wa ɗalibinsa ragama ya koma Washington, kuma a 1940 Marshall ya zama shugaban asusun kare haƙƙi ta hanyar shari'a da ƙungiyar ta kafa, wanda aka fi sani da LDF. Malamin bai huta ba. A 1944 ya yi nasara a shari'ar Steele, inda Kotun Ƙoli ta wajabta wa ƙungiyar ƙwadagon layin dogo ta wakilci ma'aikata baƙaƙe da adalci. A 1945 ya ajiye muƙaminsa a kwamitin gwamnati na tabbatar da adalci wajen ɗaukar aiki, bayan Shugaba Harry Truman ya hana fitar da umarni kan kamfanin sufuri na Capital Transit. A 1948 ya ci shari'ar Hurd da Hodge, wadda ta hana kotunan Washington aiwatar da yarjejeniyoyin hana sayar wa baƙaƙe gidaje.

Yana kwance a asibiti da ciwon zuciya ya kira Gardner Bishop, wani mai aski da ke jagorantar iyayen yara a Washington, waɗanda yake wa aiki kyauta, ya tura shi wurin James Nabrit na Howard. Wannan ƙara ce ta zama shari'ar Bolling da Sharpe, da aka yanke rana ɗaya da ta Brown. Houston ya rasu ranar 22 ga Afrilu, 1950, yana da shekara 54, makonni kaɗan kafin Marshall ya ci shari'ar Sweatt a kan Jami'ar Texas.

Oliver Hill da Spottswood Robinson, dukansu 'yan Howard, su suka ɗauki ƙarar Virginia da ke cikin shari'ar Brown. Marshall ya taimaka wajen tsara kundin mulkin Kenya a 1960, ya kuma zama baƙar fata na farko a Kotun Ƙoli a 1967. A 1963 LDF ta mayar da abin da Houston ya yi wa Marshall tsari na dindindin: a ɗauki sabon lauya da albashi, a horar da shi a New York, sannan a tallafa masa ya buɗe ofis a kudu. Na farko su ne Julius Chambers, wanda ya ci shari'ar Swann kan makarantun Charlotte a 1971, da Marian Wright, mace baƙar fata ta farko da ta sami lasisin lauya a Mississippi, wadda ta kafa asusun kare haƙƙin yara a 1973.

Houston bai ga ranar hukuncin Brown ba, bai kuma taɓa zama alƙali ba. Abin da ya bari shi ne makarantar da ya gyara, da ɗaliban da ya tsananta wa horo, ya kuma tabbatar ba su bar aikin saboda yunwa ba.