Likita Karlos Finlay, Mutumin Kuba da ya Tona Asirin Sauro

An haifi Karlos Finlay ranar 3 ga Disamba 1833 a garin Kamaguwe, cikin tsibirin Kuba. Mahaifinsa likita ne ɗan asalin ƙasar Sikotlan, mahaifiyarsa kuwa jinin Faransawa ce. Ya yi karatu a Faransa, sa'an nan ya sami takardar shaidar likita a birnin Filadelfiya na Amurka cikin shekarar 1855. Daga nan ya koma gida ya kama aiki a Habana, babban birnin Kuba.

A zamanin nan zazzaɓin shawara yana ɗibar rayuka a Habana kowace shekara. Likitoci sun ɗauka ƙazanta da gurɓatacciyar iska ke kawo shi. Finlay ya lura cutar takan yi ƙarfi lokacin da sauro ya yawaita. Ranar 14 ga Agusta 1881 ya tsaya gaban majalisar masana ta Habana, ya bayyana cewa wani irin sauro mai zanen fari, wanda ke hayayyafa cikin ruwan randuna da tulunan gida, shi ke ɗaukar cutar daga majiyyaci ya kai wa mai lafiya.

Masana ba su karɓa ba, har waɗansu suka mai da shi abin ba'a. Bai karaya ba. Ya yi ta kiwon sauro a gidansa, yana gwaji da mutanen da suka ba da kansu, kusan shekara 20.

Cikin 1900 likitocin sojan Amurka, ƙarƙashin jagorancin Walter Reed, suka karɓi ƙwan sauro daga hannunsa, suka gwada, suka tarar da gaskiyarsa. Ɗayansu, Jesse Lazear, ya rasa ransa wajen binciken. Cikin 1901 aka shiga rufe randuna da kawar da kwantaccen ruwa, cutar ta gushe daga Habana. Da wannan dabara aka kāre ma'aikatan da suka haƙa mashigin ruwa na Panama.

Finlay ya shugabanci hukumar lafiya ta Kuba daga 1902 zuwa 1909. Ya rasu cikin watan Agusta 1915. An sha gabatar da sunansa domin kyautar Nobel, amma bai same ta ba.

Ƙaramar ƙasarsa ta riƙe gadonsa. Cikin 1963 Kuba ta aika da likitocinta Aljeriya, daga baya kuma ƙasashen Afirka da dama, har da Nijar. Cikin 2006, da allurar rigakafin sanƙarau ta yi ƙaranci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi taimako. Cibiyar da ke ɗauke da sunan Finlay a Habana ta haɗa hannu da wata cibiya ta Birazil, suka yi miliyoyin allurai masu rahusa domin ƙasashen Sahel. Yaran da aka yi wa allurar nan sun ci amfanin haƙurin mutumin da aka daɗe ana yi wa dariya.