Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Malamin da Ya Rubuta Littattafan Magani

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci cuta ya kuma halicci maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku malamanmu, iyayenmu da 'yan'uwa ɗalibai, a ɗan littafinmu na bana mun zaɓi mu kawo tarihin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansu. Galibinmu nan Zongo mun san shi da sarauta da jihadi. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, wannan bawan Allah ya zauna ya rubuta littattafai a kan ciwon ido, da basir, da tsutsar ciki, da yadda ake shan filasko. A wannan gefen na rayuwarsa za mu fi tsayawa, don shi ne ya fi shafar halin da muke ciki yau a Kwatano.

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1195 ta Hijira, wato 1781. Sunan mahaifiyarsa Hauwa. Ya tashi a Degel, cikin ƙasar Gobir, a gidan da ba a rabo da allo da littafi. Ya yi karatu wajen mahaifinsa da wajen baffansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da wasu malaman jama'ar Shehu. Ya karanci Alƙur'ani da tafsiri da hadisi da fiƙihu da nahawu, kun ga ke nan irin darussan da mu ma muke kai a yanzu. Bambancin kawai, shi bai tsaya nan ba, duk littafin da ya shigo hannunsa sai ya ga ƙarshensa.

Yana da shekara ashirin da 'yan kai aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Ya halarci yaƙin Tafkin Kwatto a wannan shekarar, kuma yana cikin jagororin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808. A 1809 ya kafa birnin Sakkwato. A 1812 ya rubuta Infaƙul Maisuri, littafin da har gobe masu tarihin ƙasar Hausa ba su wuce shi. Da Shehu ya rasu a 1817 sai aka yi masa mubaya'a, ya riƙe jama'a shekara 20. Shekaru ne na wahala, ga tawaye, ga hare-haren Gobirawa da Kabawa. Wannan ya sa ya yi ta gina garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, har shi kansa ya koma Wurno da zama.

To, a tsakiyar wannan ɗawainiya ne ya samu lokacin rubutu a kan magani. Yana da littafi mai suna Al-Mawaridun Nabawiyya fil Masa'ilid Ɗibbiyya, inda ya tattaro abin da ya zo daga Manzon Allah (S.A.W.) game da lafiya da warkarwa. Yana da Ujalatur Rakib fiɗ Ɗibbis Sa'ib. Sai kuma ƙananan littattafai da kowanne ya ɗauki cuta guda: Masugul Lujaini a kan ciwon ido, Tanbihul Ikhwan a kan magungunan tsutsar ciki, Al-Ƙaulul Mansur a kan basir, da Al-Ƙaulus Sana a kan wanke ciki da ganyen sana. Ku dubi cututtukan nan da kyau. Duk na talakawa ne, waɗanda ke hana manomi zuwa gona, su hana almajiri duba allo. Wasunsu ma mutum kunyar faɗarsu yake yi. Amma Sarkin Musulmi bai ga girmansa ya wuce ya yi rubutu a kansu ba.

Hanyarsa ita ce hanyar malaman zamaninsa. Yakan ɗebo daga hadisai, ya ɗebo daga littattafan likitocin Musulunci na dā, ya taƙaita, ya tsara, ya rubuta yadda ɗalibi zai iya kwafa ya tafi da shi garinsu. Amfanin rubutawa babba ne. Maganin da yake ɓoye a bakin mutum ɗaya, ba mai iya bincikarsa, kuma ran da mai shi ya mutu shi ke nan an binne su tare. Wanda aka rubuta kuwa, na baya zai karanta, ya gwada, in da gyara ya gyara.

Har a tsarin mulkinsa maganar lafiya ba ta fita ba. A littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa wajibi ne shugaba ya kula da masu sana'o'in da jama'a ba ta iya rayuwa sai da su, ya rarraba su gari-gari. Cikin waɗanda ya lissafa, tare da manoma da maƙera da maɗinka da marina, akwai masu magani.

Akwai wani labari da ya haɗa shi da ƙasarmu. A 1824 wani Baturen Ingila mai suna Hugh Clapperton ya isa Sakkwato. Cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da likita wanda zai zo ya zauna a ƙasarsa. Da Clapperton zai dawo a 1825 sai aka haɗo shi da likitoci biyu. Ɗaya, Morrison, ya mutu a ƙasar Yarabawa jim kaɗan bayan sun sauka a Badagiri. Ɗayan kuma, Dickson, a Wida ya sauka, nan kusa da mu, tafiyar kimanin kilomita 40 daga Kwatano. Ya bi ta Abome ya nufi arewa, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Likita dai bai isa Sakkwato ba, amma littattafai sun isa. Cikin kyautar da Clapperton ya kai akwai littafin lissafi na Iƙlidisu da Larabci, da wani littafin Ibn Sina, kuma Baturen ya rubuta cewa ya taɓa shiga ya tarar da Sarki zaune da littafin lissafin nan a gabansa. Kun ji malami, kuma ɗan Shehu, bai ji nauyin neman ilimin magani daga wanda ba addininsu ɗaya ba.

Tunda an ambaci Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kamata mu san cewa a juzu'i na biyu na littafinsa Al-Ƙanun ya kafa sharuɗɗa bakwai na gwada magani. Daga ciki akwai cewa maganin ya zama tsantsa, bai gauraya ko ya lalace ba. A gwada shi a kan cuta guda. A fara da kaɗan kafin a ƙara. A lura da lokacin da yake ɗauka kafin ya yi aiki. Aikin nasa ya riƙa maimaituwa, don abin da ya faru sau ɗaya yana iya zama dace ne. Sannan a tabbatar da shi a jikin mutum, don jikin doki daban, na mutum daban. Masu binciken magani na yau a kan irin wannan turba suke. Sukan fara a ɗakin bincike, su gwada a kan dabbobi, sannan mutane kaɗan masu lafiya da suka yarda, sannan ɗaruruwan marasa lafiya, sannan dubbai. Sau da yawa akan shekara goma ko fiye kafin ƙwaya ɗaya ta iso farmasi.

Mu ɗauki misali da sana ɗin da Bello ya keɓe wa littafi. Ita ce iyayenmu ke kira filaskon Makka, 'yar'uwar filaskon da ke fitowa a dajin ƙasar Hausa, kuma yabonta ya zo a hadisin Asma'u 'yar Umaisu. Masana kimiyya sun bincike ta, suka ware sinadarin da ke aiki a cikinta, ana ce masa senosaid. Abin mamaki, in an sha shi, yakan wuce tumbi da ƙaramin hanji bai yi komai ba. Sai ya isa babban hanji, ƙananan halittun da ke zaune a can su farfasa shi, sannan ya motsa hanjin. Shi ya sa yake ɗaukar awa 6 zuwa 12, shi ya sa kuma ake sha da dare. Wato Allah ya riga ya yi masa marufin da ba ya buɗewa sai a inda ake bukata, kuma irin wannan dabara ce masu haɗa magunguna ke wahalar ƙirƙira a yau. Yanzu haka sana tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma fa binciken ya nuna in aka zarce ƙima tana murɗa ciki, ta tsiyayar da ruwa da gishirin jiki. Ashe ganye mai albarka ma sai da awo.

Muhammadu Bello ya fita babban yaƙinsa na ƙarshe a Gawakuke a 1836. Ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837, daidai da 1253 ta Hijira, can kuma kabarinsa yake. Ya bar rubuce-rubuce masu yawan gaske a fannoni daban-daban.

Yanzu mu dawo gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa a ƙasashe irin namu, kusan magani ɗaya cikin goma jabu ne ko maras inganci. A nan Kwatano aka yi kiran yaƙi da jabun magunguna ran 12 ga Oktoba 2009, kuma a Fabrairun 2017 hukuma ta kwashe sama da tan 80 na magunguna daga Ajegunle, cikin kasuwar Dantokpa. Duk da haka, mun sani har yau ana sayen ƙwaya a faranti cikin zafin rana, ba takardar likita, ba sanin ranar lalacewarta. Ana sayen jiƙo a gora wanda aka ce yana maganin cuta ashirin, ba wanda ya san abin da ke ciki. Yaro yana zazzaɓi a ba shi jabu, kwana uku a ruga asibiti an makara. Mun san ba ganganci ba ne, rashin kuɗi ne ke kai iyayenmu can. Sai dai mai araha irin wannan, wallahi, wani lokaci da rai ake biyansa.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu su riƙa tambaya kafin su sha ko su ba yaro: mene ne sunansa, daga ina ya fito, nawa ake sha, wa ya tabbatar da shi? Mu kuma ɗalibai, kada wani ya ce mana ilimin haɗa magani na 'yan lakwal ne kawai. Malamanmu sun karantar da mu cewa irin wannan ilimi farillar kifaya ne, in unguwa duka ta rasa mai shi, laifin na kowa ne. Ana koyar da shi nan Kwatano a sashen kimiyyar lafiya na Jami'ar Abome-Kalabi, ana kuma koyar da shi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Mai Larabci da ya haɗa da Faransanci da lissafi da kimiyya, shi ne zai iya buɗe littafin Bello ya karanta, ya ɗauki ganyen da aka ambata ya kai ɗakin bincike, ya dawo ya gaya wa Zongo wanda ya tabbata da wanda ya kamata a bari. Muna fata a samu irinsa daga cikin ajinmu, mace ko namiji.

Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri, ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.