WILLEM EINTHOVEN, MUTUMIN DA YA SA ZUCIYA TA RUBUTA LABARINTA

Masu karatu, duk wanda ciwon ƙirji ko hawan jini ya taɓa kai shi babban asibitin Yamai ko na Damagaram, wataƙila ya ga wannan aiki. A kan ce mutum ya kwanta, a liƙa masa waɗansu wayoyi a hannuwa da ƙafafu da ƙirji, sa'an nan wata ƙaramar na'ura ta fito da takarda mai zane kamar haƙoran zarto. Lokotoro ya duba takardar, ya faɗi halin da zuciya take ciki, ba tare da an tsaga kowa ba. Sunan wannan zane elektrokardiyogaram. A yau za mu kawo muku tarihin mutumin da ya mai da shi abin aiki, watau Willem Einthoven, shugaban ɗakin binciken aikin jiki na jami'ar Laidin a ƙasar Holand.

An haife shi ranar 21 ga watan Mayu 1860 a garin Semarang, cikin tsibirin Jawa. Tsibirin nan yanzu yana cikin ƙasar Indunusiya, amma a zamanin nan yana ƙarƙashin mulkin mallakar Holand. Ubansa lokotoro ne, ya rasu tun Willem yana ƙarami. Cikin 1870 uwarsa ta kwashe ƴaƴanta shida ta koma Holand, suka zauna a birnin Utrek. A nan ya shiga jami'a cikin 1878 don koyon aikin likita. Da yake gidansu ba wadata, hukumar soja ce ta ɗauki nauyin karatunsa, bisa sharaɗin in ya gama zai koma ƙasashen mallaka ya yi mata aiki.

Bai koma ba. Ya samu digirinsa cikin 1885 da wani bincike a kan ganin ido, malamansa kuwa sun riga sun lura da kaifin hankalinsa. Sai kujerar farfesan ilimin aikin jiki ta Laidin ta zama ba kowa, aka ba shi ita cikin 1886, yana da shekara 25. Ya biya hukumar soja kuɗinta daga aljihunsa. A kan wannan kujera ya zauna shekara 41, har mutuwarsa.

Kafin mu ci gaba, sai mun bayyana abin da yake nema. Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu, biyu sama, biyu ƙasa. Ba ta matsewa ta tura jini sai wani ɗan ƙarfin lantarki ya taso daga ɗakin sama na dama, ya bazu cikin ɗakunan sama, sa'an nan ya gangara na ƙasa. Jikin mutum kuwa cike yake da ruwa mai gishiri, wanda lantarki ke bi, saboda haka ɓurɓushin wannan ƙarfi yana isowa har fata. Amma ƙanƙane ne ainun. Pil ɗin tocila guda yana da bolt ɗaya da rabi. Abin da zuciya ke aikowa fata wajen kashi ɗaya cikin dubu na bolt ne kawai, kuma yana sauyawa sau da yawa kafin ƙiftawar ido.

Ba Einthoven ne ya fara kama shi ba. Cikin 1887 wani malami a Landan, Augustus Waller, ya ɗauki zanen zuciyar mutum da wata na'ura mai zaiba cikin siririn bututun gilas, wadda Gabriel Lippmann na Faransa ya ƙago. Cikin 1889 aka yi taron masana aikin jiki na duniya a birnin Bazel na ƙasar Suwis, Waller ya nuna aikinsa, Einthoven yana cikin masu kallo. Sai dai zaiba tana da nauyi, kafin ta motsa abin da ake son a kama ya wuce, zanen ya fito a dagule. Shi kansa Waller ya daɗe bai yarda abin zai yi amfani sosai a asibiti ba.

Einthoven ya shafe shekaru yana fama da wannan na'ura ta zaiba. Ginin ɗakin bincikensa yana bakin hanya mai daɓen duwatsu, duk sa'ad da keken doki ya wuce sai zaiba ta girgiza, awo ya ɓaci. Ya sa aka haƙa rami aka cika da duwatsu don na'ura ta samu gindin zama, bai yi magani ba. Sai ya koma ga lissafi. Ya auna yawan jinkirin zaiba, ya riƙa gyara kowane zane da alƙalami, har cikin 1895 ya fito da siffar gaskiya ta bugun zuciya, mai tudu da kwari biyar. Ya sa musu haruffa P, Q, R, S, T. Harafin P yana nuna lantarki yana ratsa ɗakunan sama. Q da R da S tare, yana ratsa na ƙasa. T kuwa lokacin da ɗakunan ƙasa ke shirin bugu na gaba. Haruffan nan ne ɗaliban likita ke hardacewa har yau a kowace ƙasa.

Amma gyaran zane ɗaya aikin sa'o'i ne, mara lafiya kuwa ba ya jira. Don haka ya ƙudura ƙera na'urar da ba ta bukatar gyara. Dabararsa ita ce a miƙe zare mara nauyi tsakanin bakuna biyu na babban maganaɗisu. In lantarkin zuciya ya bi ta cikin zaren, sai zaren ya karkata gefe, gwargwadon ƙarfin lantarkin. Wani injiniyan Faransa, Clément Ader, ya riga ya yi mai kama da wannan cikin 1897 don saƙon tangaraho, Einthoven kuma bai ɓoye ba, ya ambace shi cikin rubutunsa. Amma wayar Ader ta yi kauri ga aikin zuciya.

Yadda suka samu zaren abin a tsaya a ji ne. Akwai wani farin dutse mai kama da gilas, sunansa kwarz. Sai a narkar da shi a wuta, a manna gefensa ɗaya a gindin kibiya, a ɗana baka a harba ta zuwa ɗaya bangon ɗaki. Kibiya tana tafiya tana jan narkakken dutse, ya zama zaren da ya fi gashin kai siranta fiye da sau ashirin, har ido ba ya ganinsa sai haske ya faɗa masa. Sa'an nan a shafe shi da azurfa don lantarki ya iya binsa. In ya tsinke, a sake daga fari. Da an ɗaura shi, sai a haska shi da fitila mai ƙarfi, madubin ƙara girma ya jefa inuwarsa a kan farantin hoto mai tafiya, inuwar ta zana bugun zuciya.

Ya ba da labarin na'urar cikin 1901, ya bayyana ta filla-filla cikin 1903. Nauyinta wajen kilo 270, ta cika ɗakuna biyu, maganaɗisunta yana zafi har sai ana zagaya shi da ruwa, kuma mutum biyar ke sarrafa ta. Wanda za a auna yakan tsoma hannuwansa biyu da ƙafarsa ta hagu cikin bokitan ruwan gishiri.

A nan ne, a ganinmu, girman mutumin yake, ko da yake littattafan lakwal ba su cika tsayawa a kai ba. Na'ura mai bukatar mutum biyar ba aikin mutum ɗaya ba ce. Shugaban ɗakin bincike sai ya nemo kuɗi, ya riƙe maƙera da masu gyara, ya koyar da ɗalibai da safe, ya kuma hana kansa gaggawar shela. An san Einthoven da ƙin buga sakamako sai ya maimaita awo ya tabbata. Ya kuma tsai da ƙa'ida: kashi ɗaya cikin dubu na bolt ya ɗaga zane santimita ɗaya, farantin hoto ya yi tafiyar milimita 25 cikin daƙiƙa. Ma'aikatan gwamnati sun san amfanin mudu ɗaya a kasuwa. Saboda wannan ƙa'ida, wadda ake bi har yanzu, takardar da aka ɗauka a Maraɗi lokotoron Paris zai karanta ta ba tare da tafinta ba.

Saura wata matsala. Na'ura ba ta ɗaukuwa, marasa lafiya kuma suna asibitin jami'a, nisan kilomita ɗaya da rabi. Cikin 1905 aka ja wayar talho daga asibiti zuwa ɗakin bincike. Mara lafiya yana zaune can da bokitansa, zuciyarsa tana rubutu nan. Cikin 1906 Einthoven ya buga sakamakon da harshen faransanci, da zanen zukata iri iri: mai tsallake bugu, mai bugu barkatai, wadda ɗakunanta na sama da na ƙasa suka daina jituwa, wadda ɓangarenta ɗaya ya yi kauri. Daga baya, cikin 1913, shi da abokan aikinsa Fahr da De Waart suka nuna cewa hannuwa biyu da ƙafar hagu kusurwoyi uku ne da zuciya take tsakiyarsu, har ana iya lissafa inda lantarkinta ya nufa.

Masana suka riƙa zuwa Laidin daga Rasha da Amurka da Ingila. Wani kamfani na birnin Kambirij ya ƙera na'urar a ƙanƙance don sayarwa. Einthoven ba ya duba marasa lafiya da kansa. Wanda ya ɗauki na'urar ya kai ta bakin gadon asibiti, ya rarrabe cututtukan bugun zuciya ɗaya bayan ɗaya, shi ne Thomas Lewis na Landan. Sun daɗe suna musayar wasiƙu, ba kishi tsakaninsu. Awon ƙirji da ake yi yau, wanda ya kai zanen zuwa fuska 12, waɗansu ne suka ƙara shi bayan mutuwarsa.

Cikin kakar 1924 yana rangadin lacca a Amurka, labari ya iske shi an ba shi kyautar Nobel ta fannin likita. Da ya je Istokolm ya yi jawabinsa cikin 1925, ya ɗora babban rabo na yabo a kan Lewis da sauran masu bincike na ƙasashe da yawa. Kuɗin kyautar kuwa, ya yi niyyar raba shi da tsohon mataimakinsa Van de Woerd, wanda ya yi shekaru yana taya shi aikin hannu. Da ya nema sai ya tarar mutumin ya rasu, ya bar ƴan'uwa mata biyu cikin talauci. Ya ba su rabin kuɗin.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi aiki da ɗansa, injiniyan lantarki, suka gyara na'urar zare har ta riƙa kama saƙon rediyo daga Jawa, ƙasar haihuwarsa. Bayan doguwar jinya ya rasu a Laidin ranar 29 ga watan Satumba 1927, yana da shekara 67. Ya bar matarsa da ƴaƴa huɗu, mata uku da namiji ɗaya. An binne shi a garin Oegstgeest, kusa da Laidin.