Ummu Sulaim 'yar Milhan: Mahaifiyar Anas, Mai Hidimar Mutanen Madina

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa mai karatu, da ke 'yar'uwa, da wuya mutum ya zauna a majalisin hadisi a tashi ba a ambaci Anas ɗan Malik ba, domin hadisan da aka ruwaito daga gare shi sun kai 2,286. Amma kaɗan ne daga cikinmu suke tambayar wace ce ta rene shi, ta kama hannunsa ta kai shi ƙofar Annabi (SAW). Ita ce Ummu Sulaim 'yar Milhan, Allah ya ƙara mata yarda, mutuniyar Madina, daga Banu Najjar na ƙabilar Khazraj. Malaman tarihi sun yi saɓani a kan sunanta na yanka, wasu suka ce Sahla, wasu Rumaila, wasu Mulaika. Laƙabin da ta shahara da shi Rumaisa'u ko Gumaisa'u.

Ka cire Madinar yau daga zuciyarka. A wancan lokaci gari ne na gonakin dabino da unguwannin dangi, kowa ya san kowa, abin da aka yi a gida ɗaya kafin yamma ya zaga. A irin wannan wuri ta musulunta tun da wuri, alhali mijinta Malik ɗan Nadr yana kan shirka. Ta riƙa laƙƙana wa ɗanta Anas kalmar shahada, uban yana faɗa yana cewa tana ɓata masa yaro. Ƙarshe ya yi fushi ya nufi Sham, a can ya mutu. Ta zauna ita kaɗai da maraya, ta ɗaukar wa kanta cewa ba za ta sake aure ba sai yaron ya yi wayo.

Da lokaci ya yi, Abu Ɗalha, wato Zaid ɗan Sahl, ya fito nemanta. Mutum ne mai daraja, yana cikin waɗanda suka fi yawan dabino a Madina, amma bai musulunta ba tukuna. Ta gaya masa cewa irinsa ba a mayar da shi, sai dai ita musulma ce, bai halatta gare ta ba. Ta kuma tuna masa cewa abin da yake bauta wa itace ne da ya tsiro daga ƙasa, masassaƙi ya sassaƙa. Ta ce in ya musulunta, musuluncinsa ya ishe ta sadaki. Ya musulunta, aka ɗaura. Sabit al-Bunani, almajirin Anas, ya kasance yana cewa bai taɓa jin sadakin da ya fi wannan daraja ba. A nan zan ja kunne: kada wani ya riƙi wannan hujjar yin aure ba sadaki, domin a mazhabar Imamu Malik mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne ko dirhami uku.

Da Annabi (SAW) ya yi hijira, mutane suka yi ta kai masa abin da suke da shi. Ita ta ba shi wasu itatuwan dabino, shi kuma ya ba Ummu Aiman, sai bayan Khaibar aka mayar mata da su. Amma babbar kyautarta ɗanta ne. Ta raba mayafinta biyu, ta ɗaura masa rabi, ta yafa masa rabi, ta kawo shi yana ɗan shekara 10 domin ya yi hidima, ta roƙi a yi masa addu'a. Annabi (SAW) ya roƙa masa yawan dukiya da 'ya'ya da albarka. Anas ya yi shekara 10 yana hidima, ya rayu har wajajen shekara ta 93 bayan hijira a Basra, ya ga 'ya'ya da jikoki sama da 100. Dubi abin da uwa ta zaɓa wa ɗanta a lokacin da za ta iya tura shi gonar mijinta.

Hidimarta ba ta tsaya a ɗaki ba. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan fita yaƙi da ita da wasu matan Ansar, suna shayar da ruwa suna jinyar masu rauni. Ranar Uhud, shekara ta 3, Anas ya gan ta ita da Nana A'isha sun tattare tufafinsu, suna ɗauko salkunan ruwa a bayansu, su zuba a bakin mutane, su koma su ciko. A wannan rana mijinta yana tsaye gaban Annabi (SAW) yana kāre shi, har baka biyu ko uku suka karye a hannunsa. A hanyar dawowa daga Khaibar, shekara ta 7, ita ta yi wa Nana Safiyya gyaran amarci. Ranar Hunain kuwa, shekara ta 8, da wuƙa aka gan ta, ta ce ta tanade ta ne domin duk mushrikin da ya matso kusa da ita, Annabi (SAW) ya yi dariya.

Tukunyarta ma ta jama'a ce. Wata rana Abu Ɗalha ya ji muryar Annabi (SAW) ta yi rauni, ya gane yunwa ce. Ba ta da komai sai 'yan gurasar sha'ir. Ta naɗe su a mayafi ta aiki Anas, sai ga Annabi (SAW) ya taso da mutum 70 ko 80. Hankalin maigida ya tashi, ita kuwa ta mayar da al'amarin ga Allah da Manzonsa. Aka gutsuttsura gurasar, ta matse tandun man shanu a kai, Annabi (SAW) ya yi addu'a, aka riƙa shigowa goma-goma har kowa ya ƙoshi. Wannan yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihinta shi ne daren da ɗanta ya rasu. Malamai da yawa sun ce shi ne Abu Umair, yaron nan mai ɗan tsuntsu da Annabi (SAW) yake yi wa wasa. Ya yi jinya, ya cika Abu Ɗalha ba ya gida. Ta hana kowa ya gaya masa. Ta kintsa gawar, ta ajiye a gefen ɗaki. Da ya dawo ya tambayi jikin yaro, ta ce ya fi samun natsuwa a kan da, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ta kawo masa abinci ya ci, ta yi kwalliya, ya kusance ta. Sai can daga baya ta tambaye shi hukuncin mutanen da aka ba su aron kaya, masu shi suka zo karɓa, shin suna da ikon hanawa? Ya ce a'a. Sannan ta gaya masa ya nemi ladan ɗansa a wurin Allah. Ransa ya ɓaci, ya kai ƙara wurin Annabi (SAW), shi kuwa ya yi musu addu'ar albarka a wannan dare.

'Yar'uwa, kada ki fahimci cewa hawaye laifi ne, ko kuma wadda ta kasa yin irin wannan imaninta ya ragu. Annabi (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufa. Ummu Aɗiyya ta ce lokacin da aka yi wa mata mubaya'a a kan barin wannan, biyar ne kawai suka cika alkawari, ta fara lissafi da Ummu Sulaim.

Daga wannan dare aka sami cikin Abdullahi. Da aka haife shi ta hana a ba shi komai, ta aiki Anas da shi da 'yan dabino. Annabi (SAW) ya tauna ya sa masa a baki, ya raɗa masa suna. Bukhari ya kawo cewa wani mutumin Ansar ya ga 'ya'ya tara daga wannan tsatso, dukkansu sun karanci Alƙur'ani. Cikinsu akwai Ishaƙ ɗan Abdullahi ɗan Abu Ɗalha, malamin Imamu Malik. Duk wanda ya karanta Muwaɗɗa ya sha cin karo da sunansa, har hadisin gurasar nan ta hanyarsa ya zo.

Ba ta jin nauyin tambayar addini. Ita ta tambayi Annabi (SAW) ko akwai wanka a kan mace idan ta yi mafarki irin na namiji, har Ummu Salama ta rufe fuska don kunya. Aka ba ta amsa cewa akwai, idan ta ga ruwa. Da ta yi shiru, da mata da yawa sun yi ta salla da janaba ba su sani ba.

Akan tambaye mu: yaya Annabi (SAW) yake shiga gidanta, har ya yi ƙailula, ta tara guminsa ta zuba a turare? Shi da kansa ya faɗi dalilin yawan zuwansa, cewa yana tausaya mata ne saboda an kashe ɗan'uwanta, wato Haram ɗan Milhan, wanda ya yi shahada a Bi'iru Ma'una a shekara ta 4. Game da hukunci kuwa, Imam Nawawi ya tafi a kan cewa ita da 'yar'uwarta Ummu Haram muharramansa ne, wasu malamai suka ce wannan yana cikin abubuwan da aka keɓance shi da su. Ko wanne aka ɗauka, babu hujja a ciki ga namiji ya keɓe da matar da ba muharramarsa ba.

Tana raye aka yi mata bushara. Annabi (SAW) ya ba da labari cewa ya shiga Aljanna ya ji motsin tafiya a gabansa, da ya tambaya aka ce masa Gumaisa'u 'yar Milhan ce, mahaifiyar Anas. An ruwaito hadisai 14 daga gare ta, kuma Ibnu Hajar ya ambata cewa ta rasu a zamanin halifancin Usman ɗan Affan. Allah ya yarda da ita. Allah ne mafi sani.